Madubin da Na Wanke da Fetur

Ni dai boko ban yi nisa ba, kada wani ya ɗauka malami ke magana. Aji huɗu na sakandare na tsaya, shi ma rabinai a bisa mashin na yi shi. Da safe in shiga aji a gan ni, in anka fita tara in sulale ta bayan makaranta, in karɓi mashin ɗin ƙanen Baba in yi kabu-kabu cikin Sabon Birni har la'asar. Lissafi ya kore ni, Turanci ya raka ni da jifa. Darasi guda ɗai ya taɓa zaunar da ni har ƙarshe, na ƙwayar halitta, abin da 'yan boko ke ce ma sel. Shi ma ba don Allah na zauna ba, albasa na gani.

Malaminmu na ilimin halittu mutumin Isa ne, ɗan gidan malamai. Ubanai na karantar da littattafai a zaure, shi kuma ya bi boko, amma hular da tafiyar duk na zaure ne. Shina da wani akwatin katako da yake ɗaurowa bayan mashin. A ciki akwai madubin ganin ƙananan halittu, baƙi, mai dogon wuya kamar zalɓe, da idanun gilashi gajere da mai tsawo da ake juyawa. Nashi ne na kanshi, tsoho ya saye shi tun shina aiki ɗakin gwajin jini. Ba ya cin lantarki, wani ɗan madubi ne daga ƙasa ke kamo mai hasken rana. Don haka in za a duba abu, bakin ƙofar aji ake jawo tebur.

Ranar ya fiddo albasa daga aljihu gaban aji. Nic ce, "Allah shi gafarta Malam, in da ƙuli da gishiri, ni za ni kawo rama."

Aji ya ɗauki dariya. Shi ko bai murmusa ba. Yac ce, "Kai mai bakin nan, taso, da kai za mu fara."

Ya sa farce ya zaro wani tantani daga cikin albasar, siriri kamar fatar da ke kwantawa bisa kunu in ya huce. Ya shimfiɗa shi bisa ɗan gilashi, ya ɗiga aidin, ya yi bisimilla, ya juya madubin ƙasa har rana ta shiga, ya yi ta murɗawa a hankali. Yac ce, "Rufe ido guda. Rufe bakin ma, in ka iya."

Na duƙa. Wallahi gari na gani. Gidaje jere reras, katanga na jingine da katanga, kowane gida da ɗan ɗigo mai duhu a ciki. Nic ce, "Malam, wa ya yi masu awon filaye? Ko cikin birni ba a yanka haka ba."

A nan ya yi mana bayani, kuma da gidan da na faɗa ya yi shi. Kowane gida sel guda ne. Katangar ita ke sa tsiro ya tsaya ƙyam, shi ya sa karan dawa ke tsaye alhali ba shi da ƙashi. Daga cikin katangar akwai wani tantani mai aikin gadin zaure, ya bar ruwa da abinci su shiga, ya fitar da shara, ya tare baƙon banza. Ɗigon nan mai duhu shi ne maigida, nukiliyos, daga wurinai umurni ke fita, kuma shi ke riƙe da gadon kakanni, abin da ke sa albasa ta haifi albasa ba tafarnuwa ba. Filin tsakiya randa ce, in ta cika da ruwa ganye ya miƙe, in ta ƙafe ya yi yaushi. Akwai kuma ƙananan murahu masu ƙona abinci su ba gidan ƙarfi, mitokondiriya. Yac ce, "Waɗannan madubina bai kai gare su ba, sai dai ku yarda da ni." A ganye akwai wasu koraye masu dafa abinci da hasken rana, amma kan albasa ba shi da su, tunda cikin ƙasa yake zaune.

Daga nan ya miƙo mani tsinke mai tsabta, yac ce in kankaro cikin kumatuna, tunda bakina ya fi na kowa aiki a ajin. Da na leƙa, sai ga wasu abubuwa warwatse kamar an zubar da fanke ƙasa, ba layi ba tsari. Kowane da maigidanai a tsakiya, amma fayau, ba katanga.

Nic ce, "Malam, ina tawa katangar?"

Yac ce, "Ba ka da ita. Mutum da dabba tantani ɗai gare su. Shi ya sa kake iya lanƙwashewa ka bi ta bayan makaranta kullum tara."

Aji ya rama dariyar a kaina. Ashe duk ya sani.

Da labarin nan na koma gida, don akwai mai jiran labari. Autarmu ke nan. Shekararta sha biyu lokacin, amma in ka gan ta ka ce takwas. Sikila gare ta, ciwon da Inna ke ce ma amosanin jini. Biyu daga cikin 'yan uwanmu shi ya ɗauke su tun suna ƙanana, ita ce ta jure. In ya taso mata sai ta dunƙule bisa tabarma, ta ce ana sara mata ƙashi da gatari. Idanunta su yi rawaya kamar an shafa masu gangamau. Kwanakin da take zuwa makaranta ba su kai na kwanciya ba, amma kanta ya ninka nawa, kuma bakinta ko ni ina shakkarshi. Ni ba magani gare ni ba, baki gare ni, don haka aikina a gidan in sa ta dariya.

Na tarar da ita kwance gindin bango. Nic ce, "Auta, yau na gano gidanmu cikin albasa." Na zana mata a ƙasa da tsinke. Baba ne nukiliyos, shina zaune bai motsi amma ba a yin komi sai ya ce. Inna ce murhu. Kakarmu ce mai gadin zaure, ko akuya ta shigo sai ta tambaye ta ɗiyar wa ce. Ga randa can inda take.

Tac ce, "Ni fa?"

Nic ce, "Ke ce sharar, jira muke mai gadi ta fitar da ke."

Ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari, ta jefe ni da takalmi. Maganar nan ta sha dawo mani daga baya. Bakin da bai da birki haka yake.

Da ta huta tac ce, "Yaya, jini ma sel ne?" Nic ce ban kai wagga aya ba. Tac ce to in tambayo. Na tambayi Malam don in sauke nauyi, sai ya tambaye ni wa ke son sani. Na gaya mai. Ran Juma'a bayan masallaci sai ga shi ƙofar gidanmu. Sunka gaisa da Baba, anka shimfiɗa mai tabarma a zaure, anka kawo Auta. Inna na daga bayan labule tana saurare.

Yac ce mata cikin jini akwai jajayen sel, kowane zagaye kamar masa, mai ɗan lotsawa a tsakiya. Su kaɗai ne gidan da maigida ke fita ya bari, don a samu wurin loda kaya, kuma kayansu iska ce. Su ɗauko ta daga huhu su bi lungu-lungu suna rabawa har ɗan yatsan ƙafa. Ya nuna ni da haɓa, yac ce, "Kabu-kabu ne, kamar yayanki, sai dai su ba su gudun aiki." Suna da taushi, komi ƙuncin lungu sai su lanƙwasa su wuce. Nata kuwa, in sanyi ya buge ta, ko ƙishirwa, ko zazzaɓi, sai wasu su lauye kamar lauje su sandare. Su zo bakin lungu su sarƙe, irin yadda mashina ke cunkushewa ran kasuwa. Duk wanda ke bayan lungun iska ba ta kai mai ba, sai ya yi ta kuka. Kukan nan shi ne ciwon da take ji.

Ya ƙara da cewa gado ne, kuma sai an haɗa, rabi daga uwa rabi daga uba. Ya ɗaga murya kaɗan da ya zo nan. Shekaru dangin Baba na cewa nonon Inna ne ba shi da kyau. Baba ya dubi ƙasa, yac ce, "Allah shi kyauta." Labule ya motsa.

Auta ba wannan ya dame ta ba. Tac ce, "Malam, ana ganinsu? Laujen?"

Yac ce, "Ana gani. Ɗigo guda ya isa."

Tac ce, "Ina son in gani. Tun ban san kaina ba abin nan ke cizo na, ban taɓa ganin fuskarshi ba. Ko kare ya cije ka ai kana ganin karen."

Malam yac ce in an dawo hutu zai zo da akwatin, in Allah ya so.

Ba a dawo hutun yadda anka tafi ba. Shekarar ce mutanen daji sunka matsa, hanyar Isa ta koma sai da addu'a. Mu 'yan kabu-kabu mun fi kowa sani, fasinjan Burkusuma ko na Unguwar Lalle in ya tsayar da kai sai ka tambayi waɗanda sunka fito tukuna. Gidan su Malam sunka yanke shawarar komawa Sakkwato. Wata safiya ya aiko in kai shi tasha. Ga mata, ga ɗiya, ga buhunan littattafan ubanai, mota ta cika har rufi. Ya tsaya da akwatin a hannu shina neman inda zai sa shi, sai ya juyo ya miƙo mani.

Yac ce, "Na yi alkawari ban cika ba, kai za ka cika mani. Ka ga yadda nake yi. Ɗigo guda, ka ja shi da bakin wani gilashin ya yi siriri, ka juya idon nan mai tsawo. In hanya ta yi kyau za ni dawo in karɓi abuna. Ka kiyaye mani shi da datti."

Nic ce, "Malam, ko amarya ba za ta ga gatan da zai gani ba."

Yac ce, "Bakin nan dai," ya shiga mota.

Ran nan da hantsi ni da Auta munka fara da albasa, don in gwada hannuna. Na kamo rana, na murɗa, gari ya fito. Auta ta duƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta sa hannu ta gyara murɗin da kanta, ya fi nawa fita. Tana cewa, "Ga Baba, ga Baba, kowane gida da Baba!" Ihunta ya jawo matan maƙwabta, kowa na leƙawa tana salati. Wata tsohuwa ta ce ita ta gama cin ɗanyar albasa tunda da mutane a ciki.

Sai na fiddo allura. Ban san daga ina Inna ta fito ba, kamar kaza mai 'yan tsaki. Ta fizge allurar. Tac ce, "Jinin da bai isarta, wanda sai an kwantar da mutum an ɗiba an ƙara mata, shi za ku tsiyayar don wasan yara? Ba a gidan nan ba." Nic ce ɗigo guda ne, Inna, ko sauro ya fi mu ɗiba. Tac ce sauro ba ɗanta ba ne, ba ta da iko da shi. Auta ta yi roƙo, ta yi kuka, Inna ta toshe kunne.

Da mun lallaɓa ta, ƙila da ta sauko cikin kwana biyu. Amma kafin mako labari ya zagaya unguwa, ya dawo mana da ƙafafu goma, wai gidanmu akwai na'urar ganin zinari cikin ƙasa. A wancan lokacin ba ka son a ce kana da wani abu, don ba ka san kunnen da zai kai daji ba. Baba yac ce a ɓatar da shi daga ido. Na naɗe akwatin cikin buhu, na tura shi can ƙasan rumbu, ƙarƙashin damman gero. Duk wanda ya tambaya mu ce mai shi ya karɓe.

Damina ta sauka, mai ruwa ce sosai. Manoma na murna, waɗanda ke iya zuwa gona ke nan, mu kuma gidanmu hadari ya haɗu gabanmu ya faɗi, don sanyin ruwa shi ne abokin gabar Auta. Sau biyu ana kwantar da ita asibiti. Na bar makaranta gaba ɗaya, na koma mashin. Dawowar ta biyu ta zo gida kamar tsinke, ta daina tsokanata, ta daina cin abinci. In na yi mata shaƙiyanci sai ta ɗaga leɓe kaɗan don kada in ji kunya.

Wata safiya ina goge mashin, na ji tana magana da Inna a ɗaki, a hankali. Ban ji abin da ta ce ba. Can Inna ta fito, ta kwance bakin zane, ta fiddo sabuwar allura cikin takardarta, irin wadda take ɗinkin hula da ita. Ta miƙo mani ba ta dube ni ba. Tac ce, "Ɗauko mata abin nan ta gani."

Na haye rumbu da gudu. Ashe jinkar ta yi yoyo ta gefe guda. Buhun ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa. Da na buɗe akwatin wari ya buge ni, hunhuna ta yi fari bisa ƙarfen, na leƙa idon na ga wani abu kamar saƙar gizo a ciki. Maganar Malam ta faɗo mani, ka kiyaye mani shi da datti. Amma ban tsorata ba, a nan ne abin haushin yake. Daɗi ma na ji. Nic ce yau ga aikin da na iya. Duk garejinmu in ana maganar wanke kafiretar injin mashin, ni ake nunawa. Na ce ma Inna minti kaɗan, na ɗaure akwatin bayan mashin.

Gindin dalbejiyar gareji na baje. Na samu yankakken galan, na sayi fetur na kwalba, na ɗauko tsohon buroshin da muke wanke kaya da shi. Na kwance idanun ɗaya bayan ɗaya, na warware duk abin da ke warwaruwa, na tsoma su ciki sunka jiƙa, na goge, na hura da baki. Saƙar gizon ba ta fita duka ba. Wani abokina yac ce, "Yi mai na fitila mana." Mu in gilashin fitilar mashin ya dushe, man goge baki muke shafawa da ɗan toka, mu murza da tsumma har ya yi haske. Haka na yi, da ƙarfina, ido bayan ido. Wani ɗan gilashi da bai fi ƙwayar gero ba ya ɓalle daga bakin idon nan mai tsawo, na tsince shi cikin yashi, na mayar da tsinke na ɗiga mai gam. Na sa baƙin mai a wurin murɗawa. Na goge jikin har ina ganin haƙorana.

'Yan gareji sunka kewaye ni. Wani yac ce, "Kai, ya fi sabo." Nic ce, "In Malam ya gani sai ya ba ni aji in koyar." Ko gwadawa ban yi ba. Wa ke gwada aikin da ya saba?

Hantsi ya ɗaga da na dawo, rana ta fito tas bayan ruwan jiya. Na ɗauko Auta na zaunar da ita bakin ƙofar ɗaki, na jingina ta da matashi, nauyinta bai kai na damin gero ba. Na ɗora madubin bisa kujera 'yar tsugune. Na ƙona bakin allurar da ashana. Inna da kanta ta riƙe yatsan, ta kawar da fuska tana karanta addu'a. Na soka. Auta ko motsi ba ta yi ba, wanda ya saba da gatari ina ruwanai da allura. Ɗigo ya fito, ba ja sosai ba. Na ja shi bisa gilashi yadda Malam yac ce, na yi bisimilla kamar shi, na kamo rana, na duƙa.

Fari fat. Kamar ka leƙa cikin ƙwaryar koko.

Na murɗa sama, na murɗa ƙasa. Na juya madubin ƙasa. Na canza ido, na sake canzawa. Ba masa, ba lauje, ba komi, sai farin nan da wasu zane-zane kamar inda kaza ta yi tono. A nan na gane abin da na yi. Gumi ya karyo mani har cikin ido.

Inna tac ce, "An samu?"

Nic ce, "Saura kaɗan."

Auta na kallona. Tac ce, "Matsa, Yaya, ka cika ɓata lokaci kamar tsohon mashin." Ta jawo jiki da ƙyar, ta rufe ido guda, ta duƙa. Ta taɓa murɗin, ta juya shi kaɗan, ta tsaya. Ni ina tsugune ina jiran ta ɗago ta ce ba komi. Na shirya ƙarya uku, ko wadda za ta shiga.

Sai tac ce, "Ga su."

Inna tac ce, "Kin gani?"

Tac ce, "Na gani, Inna. Masu zagayen sun fi yawa, kamar kin juye tanda. Laujen 'yan kaɗan ne. Ga ɗaya. Ga wani ya haye bisa wani." Sannan ta yi magana da gilashin, da muryar tsiwarta ta da. "Ashe ku ne. 'Yan mitsi-mitsi da ku. Ku ko kunya ba ku ji?"

Inna ta sa gefen mayafi ta share ido. Auta tac ce Inna ta zo ta leƙa, amma Inna ta girgiza kai, tac ce ita ba ta iya kallon abin da ke cin ɗiyarta. Auta tac ce, "To ni yunwa nake ji." Kwana nawa ba a ji wannan daga bakinta ba. Inna ta miƙe da sauri ta nufi madafa.

Munka rage mu biyu. Ta koma ta jingina, numfashinta na fita da ƙyar. Ta yafuto ni da yatsan da na soka.

Tac ce, "Yaya, da mi ka wanke shi?"

Na hau gyara mata matashi.

Tac ce, "Tun da ka shigo nake jin wari. Na ce ko jinina ne ya koma na gidan mai."

Nic ce, "Fetur. Da man goge baki."

Tac ce, "Jaki. Malam ya ce ka kiyaye shi da datti, bai ce ka yi mai sabis ba." Ta so ta yi dariya, tari ya tare ta. Da ta samu numfashi tac ce, "Kada ka gaya ma Inna. Da ƙyar ta ba da ɗigon nan, kada ta ji ya tafi banza."

Na rantse mata za ni Sakkwato in nemo sabon ido, ko ina ake sayar da shi, da zarar hanya ta lafa. Tac ce, "To ka yi sauri, ɗan kabu-kabu." Ta sha kunu rabin kofi ran nan, Inna ta yi ta godiya ga Allah.

Hanya ba ta lafa ba. Auta ba ta kai girbin gero ba. Wata azahar ina layin fasinja bakin kasuwa, ƙanen Baba ya zo ya dafa kafaɗata, yac ce in kashe mashin in zo.

Bayan kwana bakwai Malam ya kira ni a waya ya yi ta'aziyya. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan yac ce, "Ta gani?" Shi ban iya yi mai ƙarya ba, na gaya mai duka, har gam ɗin. Yac ce gilashin ido ba a murza shi, ko da tsumma sai mai taushi, kuma laifinai ne da bai faɗa mani ba. Yac ce ƙila ma hunhunar ta riga ta cinye shi kafin in taɓa. Nic ce, "Malam, kada ka rage mani laifi. Da na buɗe ina ganin haske ta ciki." Bai musa ba. Yac ce in riƙe akwatin, ba sai na mayar ba.

Shina nan ƙarƙashin gadona. In ka buɗe har yau da ɗan warin fetur.

Akwai wani mai aikin gwajin jini da nake kaiwa wurin aiki da safe, fasinjana ne na kullum. Wata rana hira ta kawo mu, na ba shi labarin sama-sama, da dariya, yadda na saba ba da labari. Da munka isa yac ce in kafe mashin in shigo, shina da gilashin wani mai sikila a ajiye, nasu madubin na lantarki ne, minti guda in ga laujen da idona. Har na sauke ƙafa. Sai na mayar da ita. Nic ce fasinja na jira na, wata rana. Ya sha yi mani tayin, ya gaji ya bari. Ba ni anka yi ma alkawarin ba.

Inna kuwa har yau in mata sunka zo gidan, magana ta biyo ta kan Auta, sai ta gyara zama. Ta ce ita dai abu guda ke sanyaya mata rai, yarinyar nan ba ta tafi da buri ba, abin da ta roƙa an yi mata. Ta ga ciwonta da idonta, har faɗa ta yi mai. Ta ce masu zagayen ma sun fi yawa, laujen 'yan kaɗan ne. In ina kusa sai ta juyo ta ce, "Ga wanda ya nuna mata nan, ku tambaye shi."

Sai in ce, "Haka ne, Inna." In ɗauki makullin mashin in fita.